Wanda ya riƙe hannun jarin AIG tun 2000, nawa ya rage masa yau?

Sabon_Shiga:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar hannun jari ku taimaka min da haske. Na ɗan fara sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhajar waya, ba wani mai yawa ba, ɗan abin da ya yi saura ne a ƙarshen wata, kuma niyyata in ajiye na tsawon lokaci saboda karatun yara. To akwai wani abokin aikina kullum maganarsa ɗaya ce, wai in nemi babban kamfanin inshora in saya in manta da shi shekara 20, tunda a can dole ne mutum ya yi wa motarsa da gidansa da kamfaninsa inshora ko tattalin arziki ya yi kyau ko bai yi ba, saboda haka kuɗi ba ya daina shigo musu. Maganar ta shige ni gaskiya. Sai na buɗe jadawalin farashin AIG tunda shi ne sunan da na fi sani, na ja shi baya har ƙarshe, abin da na gani ya ɗaure min kai, yana nuna wai a shekarar 2000 hannu ɗaya ya haura dala 2,000 amma yanzu bai kai ko dala 100 ba. Shin manhajar ce ta yi kuskure ko da gaske ne? In da gaske ne yaya kamfani zai faɗi haka kuma har yau yana nan yana aiki? Sannan ita shawarar abokina akwai ƙamshin gaskiya a cikinta ko in rabu da ita?

Malam_Akawu:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Manhajarka ba ta yi kuskure ba, amma kuma babu ranar da wani ya taɓa biyan dala 2,000 ya sayi hannu ɗaya na AIG. A ƙarshen 2000 farashin ya kai wajen dala 100 da ɗan ɗoriya, shi ne mafi tsadarsa. Abin da ya faru shi ne a tsakiyar 2009 bayan farashin ya zube ƙasa warwas kamfanin ya haɗe hannayen, kowane guda 20 suka koma guda 1, to shi jadawali idan zai nuna maka baya sai ya ninka tsohon farashin sau 20 don lissafin ya daidaita, nan ka samo 2,000 ɗinka.

Bari in yi maka lissafin a fili. Mutum ya sayi hannu 1,000 a ƙarshen 2000, ya zuba kusan dala 100,000 ke nan. Bayan haɗewar 2009 abin da ke hannunsa guda 50 ne kacal. A 2024 farashin yana yawo ne wajen dala 70 zuwa 80, ka ga dukiyarsa ta koma dala 4,000 ko ƙasa da haka, sama da kashi 95 cikin ɗari ya tafi bayan ya yi haƙurin fiye da shekara 20. Ribar da ake rabawa masu hannu kuwa ba ta cike ko kusa ba, domin kafin faɗuwar ba ta taɓa kai dala ɗaya a shekara kan kowane hannu ba, a 2008 aka dakatar da ita gaba ɗaya, sai 2013 aka dawo da ita. Ban ma sa maka hauhawar farashin kaya ba, dalar 2000 ai ba ita ce dalar yau ba.

Kuma kada ka ɗauka wani ƙaramin kamfani ne mara tushe. Cornelius Vander Starr ne ya kafa shi a Shanghai a 1919, Hank Greenberg ya karɓi ragamarsa a ƙarshen shekarun 1960 ya riƙe har 2005, a hannunsa darajar kamfanin a kasuwa ta tashi daga 'yan ɗaruruwan miliyoyin dala zuwa sama da biliyan 150. Wanda ya saya a 1970 ya sayar a 2000 ya yi arziki na ban mamaki, babu musu a nan. Kafin faɗuwar yana aiki a ƙasashe wajen 130, ma'aikata sun haura 100,000, kadarorinsa sun kai kusan dala tiriliyan 1, yana da shaidar amana mafi girma ta AAA har zuwa 2005, a 2004 ma aka sa shi cikin manyan kamfanoni 30 na ma'aunin kasuwar hannun jari na Dow Jones. Wato duk abin da abokinka zai lissafa maka a matsayin alamar kamfani mai aminci, AIG yana da shi a lokacin.

Abin da ya kashe shi kuma ba inshorar mota ko ta gida ba ce, waɗannan sassan suna ta aikinsu. Wani ɗan sashe ne mai suna AIG Financial Products, babban aikinsa a Landan ƙarƙashin Joseph Cassano, ma'aikatansa ba su kai 500 ba. Su suka riƙa sayar wa manyan bankuna alkawari cewa in takardun bashin gidaje na Amurka suka lalace AIG zai biya, suna karɓar ɗan kuɗi duk shekara kamar kyauta domin a lissafinsu abin ba zai taɓa faruwa ba, alkawuran suka taru har ɗaruruwan biliyoyi ba tare da an ware kuɗin biya ba. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa in darajar takardun ta sauka ko aka rage wa AIG shaidar amana to dole ya ajiye jingina tsabar kuɗi nan take. Ga wani sashen kuma yana ba da aron takardun jarin kamfanin yana karɓar tsabar kuɗi a matsayin jingina, maimakon ya ajiye sai ya zuba su a cikin irin waɗannan takardun bashin gidajen. Ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya rushe, a ranar aka rage wa AIG shaidar amana, masu neman jingina suka taso gaba ɗaya, babu kuɗin. Washegari 16 ga wata babban bankin Amurka ya ba shi rancen dala biliyan 85 amma gwamnati ta karɓe kashi 79.9 na kamfanin. Daga baya tallafin ya kai wajen biliyan 182. A wata ukun ƙarshe na 2008 kaɗai ya yi asarar dala biliyan 61.7, ta shekarar gaba ɗaya kuma ta haura biliyan 99. A Maris 2009 hannun da aka saya dala 100 ya koma ƙasa da rabin dala.

Ni dai ra'ayina shawarar nan ta "saya ka manta" a kan kamfani guda ɗaya, ko wane iri ne, ban yarda da ita ba, balle kamfanin kuɗi da ba ka iya ganin abin da ke cikin tumbinsa.

Ɗan_United:

Kai! Ashe wannan AIG ɗin ne na gaban rigar Manchester United, lokacin su Ronaldo da Rooney da aka ci kofin Turai a 2008, muna ta sayen rigar a kasuwa ashe kamfanin yana gab da rushewa a wannan shekarar. Amma Malam akwai inda ban gane ba, na taɓa ji an ce gwamnatin Amurka har riba ta ci a kan ceton da ta yi masa. To in gwamnati ta ci riba kuma kamfanin ya farfaɗo me ya sa masu hannun jari na asali ba su farfaɗo tare da shi ba?

Malam_Akawu:

Shi ne ɗin, daga 2006 zuwa 2010 suna gaban rigar. Kuma abin da ka ji gaskiya ne, a Disamba 2012 baitulmalin Amurka ya sayar da ragowar hannun da ke wurinsa, suka ce jimillar ribar da gwamnati ta samu bayan ta mayar da abin da ta zuba ta kai dala biliyan 22.7. Amsar tambayarka tana cikin yawan hannayen. Da aka sake fasalin bashin a farkon 2011 an buga sabbin hannaye masu ɗimbin yawa an ba gwamnati har rabonta ya kai kashi 92, ka ga duk tsofaffin masu kamfanin, waɗanda a da su ke da shi ɗari bisa ɗari, an matse su cikin kashi 8. Sannan kamfanin da suka rage da kashi 8 ɗinsa ma ba shi ne na da ba, don a biya bashin sai da aka sayar da manyan rassa masu kawo riba, AIA na Asiya aka kai shi kasuwar Hong Kong a 2010, ALICO kuma MetLife ya saye a wannan shekarar. Suna ya tsira, masu inshora an biya su, bankunan da aka yi wa alkawari an biya su cif, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Greenberg ma ta kamfaninsa Starr ya kai gwamnati kotu a kan haka, a 2015 alƙali ya ce lallai babban bankin ya wuce gona da iri wajen karɓe kamfanin amma bai ba su ko sisi ba, hujjarsa ita ce da ba a ceci kamfanin ba da abin da za su samu sifili ne.

Uwar_Biyu:

Malam Akawu duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina ganin ka tsorata bawan Allahn nan fiye da kima, domin ka ɗauko mafi munin misali ka tsaya a kai. Shi ma abokin nasa ba daga iska ya ɗauko maganar ba. Arzikin Warren Buffett a kan inshora aka gina shi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A 1965 ya karɓi Berkshire Hathaway lokacin masaƙa ce mai neman mutuwa hannu ɗaya bai kai dala 20 ba, a 1967 ya sayi kamfanin inshora National Indemnity a kan dala miliyan 8.6, daga baya ya saye wasu kamfanonin inshorar, GEICO gaba ɗaya a 1996 sai General Re a 1998. A 2024 hannu ɗaya na rukunin A ya haura dala 700,000, kuma bisa lissafin da kamfanin ke fitarwa duk shekara daga 1965 zuwa 2024 yana ƙaruwa kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara, alhali S&P 500, wato ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500, wajen kashi 10 yake yi.

Sirrin shi ne kamfanin inshora yana karɓar kuɗin mutane yau, diyya kuma sai bayan wata ko shekaru zai biya, a tsakanin nan kuɗin suna hannunsa yana juya su. A Berkshire irin wannan kuɗin dala miliyan 39 ne a 1970, yanzu sun haura biliyan 160. In kamfani ya iya aikinsa, wato abin da yake biya na diyya da albashi da talla bai kai abin da yake karɓa ba, to kamar an ba shi rance ne kuma ana biyansa ladan riƙewa. Akwai ma'aunin da suke bugawa a rahotonsu, a kowace dala 100 da aka karɓa nawa aka kashe, in ƙasa da 100 ne an ci riba a inshorar kanta, in sama ne ana cin asara ana rufewa da ribar jari. Progressive masu inshorar mota tun da daɗewa manufarsu kada su wuce 96, kuma wanda ya riƙe hannunsu shekaru talatin ya bar kasuwa a baya nesa ba kusa ba. Saboda haka ni ba zan ce masa ya guji inshora don AIG ba, zan ce ya koyi duba wannan lambar ta shekara goma a jere kafin ya saya.

Malam_Akawu:

Hajiya na yarda da lissafinki, sai dai abu biyu. Na farko Berkshire ba kamfanin inshora zalla ba ne, yana da layin dogo na BNSF, yana da kamfanonin wuta, yana da hannu mai yawa a Coca-Cola da Apple, abin da ya bambanta shi shi ne mutumin da ke juya kuɗin, ba inshorar kawai ba, kamfanoni nawa ne suke da irin wannan kuɗin a hannu ba su yi ko kusa ba. Kuma yau ne muka san Berkshire da Progressive su ne suka yi nasara, a 2000 da kin tambayi masana wane kamfanin inshora ne ya fi aminci a duniya da yawansu AIG za su ce miki.

Na biyu ita wannan lambar da kika ce ya duba, rabinta ƙiyasi ne. Mai tumatir a kasuwa ya san nawa ya saro kwando kafin ya yanka farashi, shi kuwa mai inshora sayarwa yake yi tukuna sannan bayan shekaru ya san nawa kayan suka tsaya masa. Kuɗin da yake warewa don diyyar gaba shugabannin kamfanin ne ke ƙiyasta shi, in suka rage ƙiyasin riba ta yi kyau a takarda, farashi ya tashi, kowa ya karɓi ladansa, gaskiya kuma sai bayan shekara biyar ko goma ta fito. Kasuwar Lloyd's ta Landan ta gani, inshorar da aka rubuta tun shekarun 1950 da 1960 ce ta dawo musu da ƙararrakin cutar asbestos, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 suka yi asarar biliyoyin fam, mutane da yawa suka rasa har gidajensu. Shi kansa AIG a 2005 sai da ya sake gyara lissafinsa na shekarun baya bayan binciken Eliot Spitzer, babban lauyan jihar New York na lokacin, a 2006 ya biya dala biliyan 1.6 na sasantawa. GEICO ɗin da kika ambata ma a 1976 saura ƙiris ya rushe saboda ƙarancin wannan ajiyar, hannunsa ya faɗo daga wajen dala 60 zuwa dala 2, a nan ne Buffett ya shiga ya kwasa. Wanda ya saya a 60 da wanda ya saya a 2 kamfani ɗaya suka riƙe amma labarinsu ba ɗaya ba ne.

Wani abin da zai ba ki mamaki, ko wanda ya yi sa'ar sayen AIG a ranar da ya fi araha a Maris 2009, wato wajen dala 7 in an yi lissafi da haɗewar, kuɗinsa sun ninka kusan sau goma zuwa 2024. S&P 500 kuwa daga 676 a wannan watan ya haura 5,800 a ƙarshen 2024, sama da sau takwas, ba tare da mutum ya ɗauki kasadar kamfani ɗaya da ake ta maganar zai mutu ba.

Ɗalibin_Fiƙihu:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Amma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba kuma ina ganin ga da yawanmu shi ya kamata a fara da shi kafin maganar riba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wannan ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikin yarjejeniyar, ga kuma kuɗin da Hajiya ta yi bayanin ana juyawa, mafi yawansu a takardun bashi masu ruwa ake zuba su, daga nan babban kaso na ribar yake fitowa. Shi ya sa ma'aunan tace hannun jari na Musulunci, irin na AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, da na Dow Jones, suke cire kamfanonin inshora da bankunan ruwa tun a matakin farko ba sai an duba lissafinsu ba. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda doka ta tilasta wa yin inshorar mota da wanda ya ɗauki kuɗinsa da kansa ya zama mai kamfanin, malamai da yawa da suka yi sassauci a na farko ba su yi a na biyu ba. Madadinsa takaful ne, wato inshorar taimakon juna ta Musulunci, an fara a Sudan a 1979, Malesiya ta bi a 1984, a Najeriya ma akwai Noor Takaful da Jaiz Takaful da suka samu lasisi a 2016. Ɗan uwa in kai Musulmi ne ka zauna da malamin da ya san mu'amala ka yi masa bayani dalla-dalla kafin ka danna saya.

Tsohon_Ɗan_Kasuwa:

Ku da kuke maganar Amurka, mu nan gida mun ga irinta da idonmu. AIICO da kuke gani ai daga ALICO ɗin nan na AIG ya samo asali, a 1963 ya fara a matsayin ofishin wakilcinsu. A 2007 bayan an tilasta wa kamfanonin inshora ƙara jari kowa hannun inshora yake saye, har da masu cin bashin banki su saya, ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000 a Maris 2008, kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. Ni ma ina da wani da na saya a lokacin, ba sai na faɗi suna ba, ya sauko kwabo 50 ya zauna a nan shekara da shekaru saboda dokar kasuwa ta hana farashi ya yi ƙasa da haka, ka kai a sayar babu mai saye, sai a 2018 aka cire dokar. Ga dala a 2008 wajen naira 118 take, a 2024 ta haura 1,500, ko da farashin ya dawo inda ka saya a naira ai an riga an cinye ka.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, wallahi ban taɓa sanin ana iya haɗe hannaye haka ba, kuma maganar Malam Ɗalibi ta tsaya min a rai, zan tambaya insha Allahu. Tambaya ta ƙarshe, ita ribar da kamfanonin Amurka ke rabawa ana turo mana ita cikakkiya ne ko ana cire wani abu?

Uwar_Biyu:

Ana cirewa ɗan uwa, Amurka tana riƙe kashi 30 cikin ɗari na ribar da aka raba wa baƙo in ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Najeriya ba ta da ita, saboda haka in an raba dala 10 dala 7 za ka gani a manhaja. Wannan yana da muhimmanci a nan domin yawancin jadawalin da ke nuna maka ribar shekara 20 ko 30 sun ɗauka duk abin da aka raba an mayar an ƙara sayen hannu ba a cire komai ba, kai kuwa naka ba zai kai haka ba, musamman a kamfanonin inshora irin su MetLife ko Prudential da rabon riba ke da babban kaso a abin da mai hannu yake samu. Berkshire tun 1967 bai sake raba riba ba, shi ya sa wannan harajin ba ya taɓa mai riƙe da shi. In kuma maganar halacci ce ta dame ka akwai asusun da ke haɗa ɗaruruwan kamfanonin da aka riga aka tace a wuri ɗaya, ka duba ko manhajarka tana da su, ka kuma duba nawa suke cira a shekara kuɗin kula da asusun da nawa manhajar ke ci wajen canja naira zuwa dala, shiga da fita.